Ranar da Inna ta gyara mana rawar shiƙa

Muna tsaka da gwajin rawar shiƙa a bayan gidanmu, can ƙauyenmu na wajen Dawakin Tofa, sai ga Inna ta leƙo ta saman danga.

Mahaifiyata ce. Shekara shida tana gaya min tsara rawa ba sana'ar ɗan mutunci ba ce. Yau ga ni na kwaso 'yan rawata daga birni, kowace da ƙwaryar gero a hannu.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wa ya koya muku shiƙa kuna fuskantar iska? Ai ƙaiƙayin a idonku zai ƙare."

Ta karɓi ƙwarya, ta juya, ta ɗaga hannu, ta karkace kafaɗa. Gaba ɗaya suka bi ta. Abin da na yi wata biyu ina nema, ta gama shi a minti biyar.

Na ce, "Inna, yau fa kin tsara rawa."

Ta ce, "Aiki na gyara. Kar in ji ka gaya wa kowa na yi rawa."

To jama'a, ban gaya muku ba. Amma sunan wa zan sa a ƙarshen bidiyon?