Faifan Masrani a Cikin Gilas

Shekara arba'in da ɗaya Masrani ya yi yana gugar lu'ulu'u a garin Martapura, a rumfar Haji Ruslan. Aikin ya cinye masa ido ɗaya, ya bar ɗayan yana gani dishi-dishi. Mutum ne mai zafin rai, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa.

Da Haji ya rasu, ɗansa Fauzan ya sallami tsofaffin ma'aikata, ya mai da rumfar gidan tarihi. Ba a gayyaci Masrani bikin buɗewa ba. Bayan wata biyu ya ɗora hula, ya je ya yanki tikiti kamar baƙo.

A tsakar ɗaki ya tarar da faifan ƙarfen da yake guga a kai, an kulle shi cikin gilas, ga rubutu a ƙasa. Ya ce da matar da ke zagayawa da baƙi ta karanta masa. Ta karanta: a kan wannan faifai marigayi Haji Ruslan ya goge manyan duwatsun lu'ulu'un garin nan da hannunsa.

"Da hannun wa?" Masrani ya daka tsawa. "Mutumin da ko kofin shayi bai iya riƙewa ba sai ya zubar!"

Fauzan ya fito daga ofis a fusace. "Kawu, ka rufa mana asiri, akwai baƙi."

"Kawun wa? Ubanka ya taɓa zama a gaban faifan nan? Ciniki ya sani, sai cin curin shinkafar ketupat da gyatsa!"

"Faifan namu ne, mu muka saya."

"Idona fa, shi ma ku kuka saya?"

Ya ɗaga sanda zai fasa gilashin, masu gadi biyu suka riƙe shi, suka fitar da shi yana zage-zage.

Tun daga ranar, kullum da hantsi yana zaune a bencin mai sayar da farfesun soto, daura da ƙofar. Duk wanda zai shiga sai ya tare shi: "Ƙarya za a karanta maka, zo ka ji gaskiya kyauta." Da abin ya ishi Fauzan, ya sa aka sauya rubutun zuwa "ɗaya daga cikin ma'aikatanmu".

Da aka gaya wa Masrani, ya tofar da yawu ya ce ashe ba shi da suna. Washegari ya fi kullum sammako.