Minti Sha Ɗaya a Gindin Gagara-Jaki

Ranar kasuwar Jega ce, a tsakiyar bazara. Na sha koko, na je wurin mai faci da ƙarfe shida da rabi. Na sa ya cika wa tayoyina huɗu iska har suka yi tauri kamar dutse. Haka direban albasa yake yi ranar kasuwa. Buhun albasa nauyi gare shi, taya mai laushi kuwa ba ta kai shi Jega lafiya. Shekara ashirin da biyu ina yin haka, ban taɓa ganin laifinsa ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Maiyama, nesa da kwalta. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai waɗanda suka koma. Mota biyu ce a garin, duka a-kori-kura masu jan ƙafa huɗu. Ɗaya tawa, ɗaya ta Sahabi, ɗan ƙanen mahaifina. Na girme shi da shekara goma sha biyu. Ni na koya masa riƙe sitiyari. Daga baya ya tafi Agadas, ya yi shekara shida yana tuƙi a hamada, ya dawo da mota da suna.

Tun dawowarsa aka daina ce mini direba. Ni na zama Umaru kawai, shi ya zama direban hamada. Idan naƙuda ta yi wa mace tsanani, ƙofarsa ake bugawa. Inna, mahaifiyata, idan za ta Aliero ganin ƙanwata, motarsa take jira, wai tasa ba ta jijjiga mata ƙugu. Na dai riƙe a zuciya.

Yakan zauna wurin mai shayi, mutane su kewaye shi, yana bayanin yadda ake hawan tudun rairayi. Ni nakan zauna gefe, in ba su baya, ina ji. Na haddace duka, a jere. Da farko a sace iskar taya har ta baje, don taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi kuwa shimfiɗa. Sai a sa ƙafa huɗu tun ana ƙasa. Sai a zaɓi giya ɗaya a gindin tudu, kada a canza ta a tsakiya. A tashi da gudu, a miƙe sak, kada a hau a karkace. Idan an kusa ƙoli a sassauta ƙafa, don ba a san abin da ke bayansa ba. Idan kuma mota ta tsaya, kada a juya ta. A sauko da baya, a miƙe, a kan sawun da aka hau. Sau ɗaya na tanka masa. Na ce nan ba hamada ba ce, kuma wanda ya koya wa yaro rarrafe ba ya zama a gabansa ɗaukar karatun gudu. Aka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ce, “Gaskiyarka, Yaya.” Wannan dariyar tasa ta fi komai ba ni haushi.

Da ƙarfe takwas an gama loda mini buhu goma sha takwas a bakin rumfunan albasa. Motar Sahabi tana kusa, lodinta bai kai rabi ba. Ina ɗaure igiya na ji ƙara daga gabas, ta hanyar da ke fita kwalta. Da farko na ɗauka injin niƙa ne. Sai na gane babura ne, masu yawa, a haɗe. Da takwas da minti goma aka yi harbin farko. Ɗaya, sai shiru. Sai uku a jere. Kaji suka watse. Wata mata ta ƙwala ihu daga wajen rijiya, ihun ya katse.

“Zubad da kayan!” in ji Sahabi. “A ɗauki mutane!”

Na yanke igiyar. Mu huɗu muka turo buhunan ƙasa, suna fashewa, albasa tana gangarawa ƙarƙashin mota. Mata da yara suna fitowa ta kowane lungu. Zan faɗi abin da na gani, ko da bai yi mini daɗi ba. Motata ce a gabansu, amma wucewa suke yi su nufi tasa. Sai da tasa ta cika maƙil sannan suka juyo kaina. Matata Hajara ta ɗora yaranmu biyu a tasa kafin ita ta rasa wuri ta dawo tawa. Inna ma can ta nufa, sai da Sahabi ya ɗauko ta cak ya sa ta a gaban motata. Ana harbi a bayan masallaci, hayaƙi yana tashi daga rumbunan yamma, ni kuwa ina lura da wanda ya zaɓi wa.

Hanyar kwalta tana hannun ’yan bindigar. Hanya ɗaya ta rage, ta arewa: a ratsa gonaki, a tsallake busasshen rafi, a hau tudun rairayin da ke ƙetarensa. Gagara-Jaki muke kiransa. Iska ce ta tara shi shekara da shekaru, tsayinsa ya kai na kuka. Mai jaki ma kewayawa yake yi ta inda mota ba ta shiga. Daga bayansa akwai hanyar amalanke da ke kaiwa titin Jega.

Muka tashi takwas da minti ashirin, shi a gaba, ni ina shan ƙurarsa. Mun isa gindin tudun takwas da rabi. Agogon motata yana aiki, shi ya sa nake faɗin lokaci. Sahabi ya tsaya, ya diro, ya ciro ƙusoshi daga aljihu, ya raba wa maza uku. Kowa ya durƙusa a gindin taya ɗaya yana danna bakin iska. Ana jin sautin fitarta, ana jin harbi daga gari. Ya jefo mini sauran ƙusoshin.

“Yaya, sace iska! Maza!”

Ƙusoshin suka faɗi a rairayi kusa da ƙofata. Na dube su. Mutanen da ke bayan motata duka shi suke kallo. Wani dattijo ya ce, “Umaru, yi abin da yac ce.” Da bai faɗi haka ba, wataƙila da na sauka. Na ce motata ta san hanya. Ban ɗauki ƙusoshin ba.

Minti biyu ya ɗauke su. Sahabi ya ja da baya, ya taso, ya miƙe. Motarsa ta hau da ƙara ɗaya, ba ta canza murya ba, kamar ana jan ta da igiya. A ƙoli ya sassauta, ta ɓace. Matan da ke motata suka yi kabbara. Ba a taɓa yi wa tuƙina kabbara ba.

Na sa ƙafa huɗu, na taso da ƙarfi fiye da nasa. Har kusan rabin tudun ta tafi. Sai ta fara nishi. Na canza giya. Cikin wannan ɗan taƙin gudun ya mutu. Na taka mai. Tayoyin suka riƙa juyawa a wuri ɗaya, suna watsa rairayi, suna binne kansu. Na ƙara takawa. Ta ƙara nitsewa. Sai na karya sitiyari dama, in gwada gefe. Motar ta karkata. Mutanen baya suka zube gefe ɗaya, yara suka fasa kuka. Inna ta riƙe mini hannu tana salati.

“Kak ka juya! Ɗaga ƙahwa!”

Sahabi ne a ƙoli, shi kaɗai. Ya gangaro da gudu, rairayi har gwiwa. Agogo ya nuna takwas da minti talatin da biyar. Ya sa kowa ya sauka ta gefen sama, banda Inna. Ya ce masu ƙarfi su hau tudun da ƙafa, su ja yara. Maza shida suka tsaya. Biyu suka gangara suka lalubo ƙusoshin da na bari. Huɗu muka haƙa bayan tayoyin da hannu. Rairayin ya riga ya fara zafi. Ni da kaina na durƙusa a gindin tayar gaba, na danna bakin iska, ina kallon ta tana bajewa. Sahabi kuwa aikinsa kawai yake yi. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Takwas da minti talatin da tara aka ji baburan. Ba duka ba, uku ko huɗu. Sun biyo sawunmu ta gonaki.

Sahabi ya buɗe ƙofata, ya zauna a kujerata. Bai nemi izini ba, ni ma ban hana ba. Ya daidaita sitiyari, ya saki motar da baya sannu a hankali, a kan sawunta, har ƙasa, har cikin rafin, ta wajen da baburan suke tahowa.

“Ku hau! Kowa shi hau tudu!”

Muka hau da hannu da ƙafa. Na kai ƙoli na juyo. Baburan sun tsaya a bakin rafi, rairayi ya hana su shiga. Mutum biyu suka sauka suka durƙusa. Motata ta taso. A giya ta biyu take, na san muryarta. Ta miƙe sak. Aka yi harbi huɗu. Ɗaya ya fasa gilashin baya. Ba ta canza murya ba. Ta wuce inda na haƙa, ta iso ƙoli, ya sassauta mata ƙafa, ta sauka ɗaya gefen lafiya lau, ta tsaya a bayan tasa. Takwas da minti arba’in da ɗaya. Ban taɓa ganin motata ta yi tafiya mai kyau irin wannan ba.

Na buɗe ƙofa. Inna tana tallafe da kan Sahabi. Harsashin ya ratsa kujera ya shiga ta bayansa. Ya ce, “Yaya, a bi a hankali, tayoyin ba iska.” Muka kwantar da shi a baya, a cinyar matarsa Nana. Wani da ke tuƙa tarakta ya ja motar Sahabi, ni na ja tawa. Da tayoyi a baje ba a gudu a ƙasa mai tauri, sai su fita daga ƙarfensu. Haka muka yi ta jan jiki. Mun hau titi ƙarfe tara da rabi. Kafin mu ga rumfunan farko na Jega, Nana ta buga rufin motar da hannu sau biyu. Na gane. Ban tsaya ba sai ƙofar asibiti.

A Jega muka yi masa sutura bayan azahar, kasuwa tana ci. Daga nan muka wuce Aliero, gidan mijin ƙanwata, inda muke har yau. Kwana bakwai ana zuwa gaisuwa. Kowa ya zauna sai ya ba da labarin yadda Sahabi ya hau Gagara-Jaki sau biyu, na biyun da harsashi a jikinsa. A ce mota ta cije wa Umaru, Sahabi ya dawo ya ceto shi. Ina zaune a tabarma ina amsa gaisuwa, hawaye a idona, amma abin nan da ke ci mini rai tun dawowarsa daga Agadas yana nan, bai mutu tare da shi ba. Dattijon da ya ce in yi abin da Sahabi ya ce yana cikin masu zuwa. Bai taɓa ambaton ƙusoshin ba. Inna ma haka. Ta dai daina shiga mota, kowace iri.

Mutum tara garinmu ya rasa a ranar. Biyar a wajen rijiya, biyu a bayan masallaci, ɗaya a gona. Na tara Sahabi ne. Shekararsa talatin da huɗu. Ya bar mata ɗaya da ’ya’ya uku, ƙaramar ba ta fara tafiya ba. Ba wanda ya tambaye ni minti nawa muka yi a gindin tudun. Sha ɗaya ne. Motar da aka sace wa iska tun farko uku take buƙata.