Ranar da Na Daina Wanke Allo

Kwamfutar ba tawa ba ce, ta yayana ce da ke aiki a injin shinkafa a Argungu. Da ya ajiye mini ita a gidanmu na Birnin Kebbi, sai da ya kafa sharaɗi: in har zuwa bayan Sallah ban nuna masa abin da na ƙera da hannuna yana aiki ba, zai karɓe abarsa ya ba ɗan kawunmu. Na ce masa mu zuba mu gani. Ni ba a sa mini ido in janye.

Python na ɗauka, wato yaren rubuta manhajar kwamfuta, a waya nake kallon darussa. Abin da nake so in yi ɗan ƙarami ne: manhajar da za ta buɗe fayil mai sunayen surori, ta zaɓo wa ɗaliban Baba wadda za su yi tilawa. Baba malami ne, a zaurensa na tashi, kuma wajen hadda ba wanda ya fi ni. Don haka yadda na saba na yi, na haddace layukan manhajar tsaf, ko daga barci aka tashe ni zan kawo su.

Ina dannawa sai jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Kai, gabana ya faɗi! A zaure idan rubutunka ya ɓaci, wanke allo kake yi ka sake. Na goge komai, na rubuto daga ka. Ja. Na sake gogewa. Ja dai. Makonni ina wannan wankin, ban taɓa tsayawa na karanta jan ba, don kallonsa ma kunya yake ba ni, kamar an kama ni da laifi. A wani zauren tambayoyi na intanet na yi sallama, na gaida kowa, na ce abu ya ƙi. Wani ya ce in turo abin da kwamfutar ta rubuta. Na ji haushi, wai in baje asirina a kasuwa? Na fita abina.

Wata rana da hantsi Baba ya iske ni a tabarma ina huci.

"Ke, mi ya hwaru?"

Na ce, "Baba, wanga abu ya raina ni. Na wanke, na wanke, ya ƙi."

Ya leƙa. "Shi jan, mi yac ce?"

Na ce ban karanta ba.

"Ashe kin mance," in ji shi. "A zaurena wa ya taɓa wanke allo ban duba mai ba? Ana yi miki gyara, kina zuba ruwa."

Wallahi maganar ta ƙona ni. Amma na zauna, na bi jan layi bayan layi da ɗan Turancina. Layin ƙarshe cewa yake bai ga fayil ɗin ba. Rubutuna lafiya lau yake tun ranar farko, fayil ɗin ne na ajiye a wata jakar fayiloli daban. Na matso da shi, na danna, sai ga sunan sura ya fito. Na yi ihu har kaji suka watse.

Bayan Sallah na hau mota zuwa Argungu, kwamfutar a cinyata. Yaya ya karɓa a ƙofar injin, hannunsa duk ƙaiƙayi, ya ce shi zai gwada. Wurin latse-latsensa ya ja fayil ɗin ya jefa wani wuri bai sani ba. Ya danna. Ja ya fito.

"To, malama," ya ce yana dariya, "aikin naki ke nan?"

Yatsuna suka tafi wurin gogewa da kansu, sai da na riƙe su. Na ce, "Yaya, dakata in ji abin da take cewa." Na karanta a fili, na nemo fayil ɗin, na maida shi wurinsa. Sura ta fito.

Bai ce na iya ba, Yaya ba ya yabo. Ofis ya shiga, ya fito da tsohuwar jakar kwamfutar da ya hana ni tun farko, ya sa ta ciki da cajarta, ya rataya mini a kafaɗa.