Baƙin Mai da Hannun Yaya

Yayata mai kitso ce. Tun ina ƙarama nake zama tsakanin gwiwoyinta, ta danne mini kai da hannu ɗaya tana tsaga da ɗayan, in na motsa in sha ranƙwashi. Mace ce da ta san zama wuri ɗaya. Takan wuni a kan kujera 'yar tsugunno tun hantsi har la'asar, mata na shiga suna fita, ba ta ko miƙe ƙafa sai salla ta tashe ta. Wannan matar ce mijinta ya bi dangi gida-gida yana cewa ba ta iya zama a bayan babur ba. Har yau in na tuna sai raina ya tafasa.

Mijin nata mai tsaron sito ne a wani shagon siminti, amma a layinsu Injiniya ake ce masa. Tsokana ce, shi kuwa ya ɗauke ta sarauta. Babu abin da zai lalace a gidan ya yarda a kai wa mai gyara. Fanka, rediyo, famfon tsakar gida, duk ya farke cikinsu, kuma kullum in ya gama haɗawa sai ka ga ƙusa ɗaya ko biyu sun yi saura a ƙasa, ya ce ai dama kamfani don ado ya sa su.

Babur ɗinsa ya fi kowa shan wahala, in ka cire Yaya. In taya ta suɗe sai ya sayo sabuwa, ya kwance ƙafar a tsakar gida, ya ƙwala mata kira ta bar kan mutane a tsefe ta zo ta riƙe masa ƙarfe. Sabuwar taya ba ta hawa rim, wato ƙarfen ƙafar da take zama a kai, da daɗin rai, sai an shafa wa bakinta abu mai santsi. Kowane mai faci ruwan sabulu yake sawa, domin yana ba da santsi lokacin da ake bukata, in ya bushe kuma taya ta kama ƙarfe gam. Injiniya ya ce sabulu na mata ne da wankinsu. Ya gwada basilin ɗin yara, ya gwada man girki, daga ƙarshe ya tsaya a kan baƙin man da yake juyewa daga inji yana tarawa a wani galan a bayan ƙofa.

Ranar da ya fara sa shi ina gidan. Yaya na durƙushe riƙe da ƙarfe, ta ce, "Baban yara, man nan fa ba ya bushewa. Ga ruwan wanki can da kumfarsa, in ɗebo maka?"

"Ki ji da kitsonki," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. Taya ta shige sulum, ya dube mu yana murmushi kamar wanda ya ƙera jirgi.

Ba a daɗe ba ya ɗauko ta daga kasuwa, ta sayo zare da man kitso. Wani mai baro ya gitta musu, Injiniya ya take birki da ƙarfi. Rim ya tsaya, tayar baya kuwa ta zame a kansa ta ja tiyub ɗin ciki, bawul ɗin da ake buga iska ta nan ya tsinke, iska ta fice lokaci guda. Suka zube a kan kwalta. Shi gwiwa ya ɗan kuje. Ita ta tokare da hannun dama, wuyan hannun ya karye.

Ba zato nake yi ba. Mai facin bakin layi, wanda aka tura wa babur ɗin, shi ya kira ni washegari ya nuna mini tiyub ɗin, bawul ya fita daga tushe. Ya goga yatsa a cikin rim ya ɗago mini shi baƙi ƙirin yana ƙyalli. "Na gaya wa Injiniya," ya ce, "ya ce in rufe bakina in yi facina."

Kafin mu dawo daga asibiti labari ya riga mu gida. Wai Yaya ce ta tsorata ta karkata gefe, ta jawo su ƙasa. Haka ya gaya wa mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ita kuma ba ta bar kowa bai ji ba. Masu zuwa dubiya suna ajiye lemo suna ƙarawa da nasiha. "A riƙa natsuwa a bayan babur." "Allah ya tsare, da kin kashe musu uba." Ga hannu a ɗaure an rataye a wuya, ga masu kitso sun fara komawa gidan wata a layin baya, ga kuma wannan. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, amma shi da matarsa ya naɗe tasa.

Na koma gidan da zama don in yi mata girki da wanki. Wata rana ina taje mata kai, ita da ta saba taje na kowa, sai ta ce, "Auta, wallahi ba hannun ne ya fi ci mini rai ba. Ƙashi zai haɗe. Ni dai ya buɗe baki sau ɗaya a gaban Inna ya ce ba ni ba ce." Ban taɓa jin ta roƙi wani abu a gidan nan ba sai wannan, shi ya sa na ƙudura a raina sai ta samu.

Dama ta zo wata Asabar da hantsi. Ya sayo sabuwar taya da tiyub, ya baje su a tsakar gida, ya wanke rim da fetur yana ta gogewa da tsumma. Inna ta zo dubiya, tana zaune a tabarma a inuwa, Yaya na gefenta. Ina wanke-wanke a bakin famfo sai ga shi ya matso kamar zai wanke hannu, ya yi ƙasa da murya.

"Auta, ɗan kaɗa mini ruwan sabulu a kwano."

Ashe ya sani. Ya sani sarai tun ranar da suka faɗi, ya bar ta tana haɗiyar baƙar magana. Na miƙe na goge hannuna a zani, na ce da muryar da maƙwabta za su ji, "Ruwan sabulu kuma, Injiniya? Ina baƙin man? Ko ya yi wani laifi ne?"

Yaya ta ɗago tana kallonsa. Kalma ɗaya ta rage masa, kuma na ga bakinsa ya motsa.

Sai Inna ta ce, "Wane laifi? Mai ne ya karkata a bayan babur? Kai, sa abinka yadda ka saba, kada yarinya ta koya maka aikinka."

Ya dubi uwarsa, ya dubi tayar. Sannan ya juya ya nufi bayan ƙofa, ya dawo da galan ɗin, ya tsuguna ya buɗe murfi ya tsoma tsumma. Namiji da gemunsa, ya ga abin da man nan ya yi wa matarsa, ya gwammace ya sake sa shi da ya ce ya yi kuskure.

Yaya ta dafa bango ta tashi. Ta wuce ni ta ɗauki kwano, ta jefa sabulu, ta tara a famfo, ta kaɗa da hannun hagu har ya yi kumfa, ruwa na fantsama a kan ɗaurin hannunta. Ta kai ta ajiye a gabansa, ta juya wajen Inna.

"Gaskiyarki ne, Inna. Ni ce na karkata, mai bai yi komai ba. Warinsa ne kawai yake hawa mini kai tun da na kwanta. Baban yara, don Allah ka sa sabulun saboda ni."

Ya saki tsumman da sauri. "To kin ji, Inna," ya ce, "saboda ita zan sa." Inna ta gyaɗa kai ta ce ai gara da ta faɗa da bakinta.

Na bi Yaya ɗaki na turo ƙofa. Na ce, "Me kika yi haka? Yanzu kin sa hannu a kan ƙaryarsa, har abada ba mai wanke ki."

Ta zauna a bakin gado tana tallafe da hannun, hawaye na zuba ba ta share ba. Daga tsakar gida muna jin ƙarar ƙarfe yana tura taya.

"Jibi Litinin," ta ce. "A kan tayar nan zai kai mini yarana makaranta."