Motar da Ta Kawo Inna

Ni mai fenti ne. A farkon shekarun saba'in ina aiki a wani gareji a Mahjar, wata unguwa a Jidda, inda muke yi wa manyan motocin alhazai ado: furanni, bishiyar dabino, da "Masha Allah" a goshi. Mai garejin haifaffen Jidda ne, jikan mahajjata, kowa Usta yake ce masa. Rabin Hausarsa Larabci ne, kuma bai taɓa yarda ya yi kuskure ba, ko da kuskuren na tsaye a gabansa yana hayaƙi.

A shekarar abu ɗaya ne a raina. Na daɗe rabona da Inna, ga ta ta tsufa, ga wasiƙar ƙanena daga Kano tana cewa in dai ana so ta sauke farali bana, to kuɗin jirgi ya iso kafin ƙaramar sallah. Ni kuwa ko rabinsu ban haɗa ba.

Ana cikin haka wani Bature da ke aiki a tashar jiragen ruwa zai koma gida, ya sayar mana da tsohuwar motarsa a arha. 'Yar ƙarama ce, koriya shar, ba rufi, kujera biyu kacal na jar fata, sitiyarin katako, in ka zauna ciki kamar a ƙasa kake. Muka haɗa hannu ni da Usta, a kan mu gyara mu sayar, rabona na riba ya tafi Kano.

Usta ya zagaya ta yana girgiza kai. "Ya akhi, wannan miskiniya ce. Mota ana duba ta da abu uku: mutum nawa take ɗauka, yaya take ƙyalli, kuma daga ina ake jin ham ɗinta. Wannan ba ta da ko ɗaya. Yalla, mu mai da ita mutum."

Wallahi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Muka cire kujerun muka dasa benci mai cin mutum uku. Muka sa sitiyarin roba mai sheƙi, da ham ɗin babbar mota. Ni kuma na zuba basira: ruwan ɗorawa a jiki, jan fure a kowace ƙofa, geza a gaban gilashi. Ranar da muka gama, matan unguwa har guɗa suka yi.

Tarkacen da muka cire kuwa muka rabar. Wanzami ya ɗauki kujera ɗaya don masu aski. Mai shayi ya rataye sitiyarin a rumfarsa yana saƙala kofuna. Ɗaya kujerar na kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zama a tabarma.

Tsakiyar azumi muka kai motar wajen kasuwar Bab Makka. Jama'a ta taru, ana taɓawa, ana danna ham, amma ba mai tayawa. Mai iyali ya ce ta yi ƙanƙanta, mai haya ya ce ina za a sa kaya. Kwana huɗu muna komawa gida da abarmu.

Rana ta biyar wani ɗan attajiri da ya yi karatu a Turai ya tsaya. Bai ko kalli furannina ba. Ya buɗe gaba, ya goge wata lamba a jikin inji da yatsa, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya miƙe ya riƙe kai.

"Wa ya yi mata wannan aika-aika?"

Usta ya nuna ni, ko kunya babu.

Saurayin ya ce irin wannan mota darajarta tana ga zamanta yadda aka ƙera ta, duk abin da ka ƙara ragi ne. A yadda take, zai biya kuɗin inji kawai. In ta koma koriya da kayanta na asali, zai ninka sau uku. Na yi lissafi a zuci, sau ukun nan shi ne jirgin Inna.

Kankare fentin bai dame ni ba, ko da yake na ji zafin furannin. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kayan. A Mahjar ba a ba da kyauta a koma karɓa, wanda ya yi haka har jikokinsa sai an yi musu gori. Usta ya ce shi kam ba da shi ba, yana da mutunci a unguwa.

Haka na je wurin wanzami ina ta kame-kame, na tambayi iyali har sau biyu. Da na faɗi dalili sai ya tashi wanda yake yi wa aski, da kumfa a rabin kai, ya ce, "Don Inna? Halas, ɗauka!" Mai shayi kuwa ya ɗan yi min wulaƙanci. Sai da ya tara mutane ya ba su labari, aka yi ta dariya, sannan ya sauke kofunansa ya miƙo sitiyarin.

Saura tsohuwa. Na same ta bayan la'asar a kan kujerar, ta miƙe ƙafa tana jan carbi. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tun da ka kawo min wannan ban ƙara kwana da ciwon gwiwa ba." Na ce amin, na gaishe ta, na fito.

Muka ɗinka wata kujera a wurin baduku, muka kai motar koriya. Usta ya so mu yi shiru, amma saurayin da shinshinawa ɗaya ya gane sabuwar fata. Na gaya masa gaskiya. Ya rage abin da ya rage, rabona ya gaza kaɗan. Usta ya yi tsaki, ya cika daga nasa, yana faɗin ai tun farko shi ya ce kada a taɓa motar.

Inna ta zo, ta yi aikin Hajjinta. Da ta dawo daga Makka ƙafafunta a kumbure, na kai ta gaida tsohuwar, wadda tuni labari ya ishe ta. Tana ganin Inna ta dafa bango ta miƙe.

"Zauna nan, Hajiya. Motar da ta kawo ki ce, ai ya kamata ki hau ta ko sau ɗaya."

Inna ta zauna, ta shafa jar fatar, ta dube ni. "Kai, ashe haka take da laushi. To ina ake riƙewa?"

Na tsuguna na miƙa mata hannuna, ta riƙe gam.