Ruwan da Na Gani a Ƙarƙashin Motar Kawu

Lamorde, Mubi, ƙarfe biyar da minti goma

Ranar Talata muka bar gida bayan sallar asuba, ni da Dada mahaifiyata, da ƙaninta Kawu Buba a kan sitiyari. Yola za mu, kusan kilomita ɗari biyu, wankin ƙoda. An ba Dada ƙarfe goma na safe. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga, numfashi kuma sai a zaune. Likita ya hana ta ruwa sai ɗan kaɗan a wuni.

Bari in faɗi wani abu tun yanzu. Motar Kawu a tsakar gidanmu take kwana, ni nake share wurin. Kwana biyar ina ganin jiƙa a ƙasa ta wajen gaba, ruwa mai kalar tsatsa. Ranar farko na ce, "Kawu, motarka tana zubar da ruwa."

Ya yi dariya. "Aisatu, sakandare kika gama ko makarantar kanikanci?"

Yaran gida suka taya shi dariya. Ban sake magana ba. Kullum sai in watsa ƙasa a wurin, in share.

Mararraba, shida saura minti biyar

Soja ya haska fitila, ya ga Dada, ya ce mu wuce, Allah ya sawwaƙe. Daga nan na fara jin wari kamar an manta tukunya a wuta. Na leƙa agogon zafi, allurar tana kwance. Kawu ya ce ta mutu tun bara, ba ta da amfani.

Hong, bakwai saura kwata

Muna shiga gari tururi ya taso daga bonet ya rufe gilashi. Na yi ta salati, na zaci wuta ce. Kawu ya tsaya gaban wani mai shayi, ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, wurin da ake zuba wa mota ruwa.

"Alhaji, kana son fuskarka kuwa?" in ji mai shayi. "Bari ta huce."

Muka jira minti ashirin da biyar. Da aka buɗe babu ko ɗigo. Ni na riƙa fasa ledojin fiya wata da haƙori ina miƙa wa Kawu, motar tana sha. Mai shayi ya ce lagireton ne ya huje, a zuba garin taba a ciki, yana toshe rami, haka direbobi suke yi. Aka sayo ƙulli biyu aka zuba.

Dada tana kallonmu ta taga. Leɓenta ya tsage.

"Aisatu, ɗan ba ni guda."

"Dada, likita ya hana."

"To jiƙa min baki kawai."

Na jiƙa bakin mayafina na shafa mata a leɓe. Sauran ledar na miƙa wa Kawu.

Hong zuwa Gombi

Garin taba bai yi komai ba. Sau uku muna tsayawa. A na biyu na ce ko za mu tare motar haya, don Dada ta yi gaba. Kawu ya ce ba zai cusa yayarsa cikin mutum shida ba alhali yana da mota, saura kaɗan. A na uku bai jira ta huce ba, ya zuba ruwa ya ci gaba da taka ta. Farin hayaƙi ya fara fita ta salansa, injin yana rawa. Dada ta daina magana, sai dai ta matse hannuna.

Gombi, tara da minti ashirin

A bakin gari ta mutu gaba ɗaya. Mutane suka tura mu zuwa rumfar wani bakanike, Oga Bitrus, dattijo mai furfura. Bai yi sauri ba, ni kuwa ji nake kamar in ja shi da hannu. Ya shafa lagireto sama da ƙasa, ya nuna wa Kawu tafinsa a bushe. Ya matsa tiyo ɗaya bayan ɗaya, babu tsaga. Sai ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi, ya cika ruwa, ya ce mu duba. Ɗigon ya sauka can gefen injin.

"Wannan ba lagireto ba," ya ce. "Famfon ruwa ne ya ci. Ko buhun taba ka zuba ba zai kama ba."

Ya zaro sandar awon baƙin mai. Abin da ya fito kamar shayi mai madara.

"Alhaji, ka dafa shi. Gasket ya ƙone, ruwa ya shiga mai. Motan nan ba zai tashi yau ba. Tun yaushe yana ɗigowa?"

"Yau ta fara," in ji Kawu.

Bai kalle ni ba. Ni ma ƙasa na kalla.

"Da a gida aka gani, aikin awa biyu ne," in ji Oga Bitrus. Sai ya leƙa bayan mota ya ga Dada, ya ajiye sifana, ya fita titi da kansa yana ɗaga hannu.

Motocin Yola duk a cike suke zuwa. Goma ta yi muna tsaye. Na kira asibiti, wata mata ta ce mu dai zo, za a duba ko akwai wuri da yamma. Sai sha ɗaya saura minti ashirin wani direba ya tsaya, fasinja biyu suka sauka don kansu suka bar mana kujera, muka matsu mu uku har da Kawu.

Song, sha biyu saura

Dada tana jingine a kafaɗata. Mun wuce masu sayar da gyaɗa a bakin titi ta ce, "Ruwa." Wannan karon na fasa leda na kai mata baki. Bai wuce ba, ya gangaro ta haɓarta ya jiƙa min hannu. Wata tsohuwa da ke gefena ta taɓa wuyan Dada, ta ce wa direba a hankali, "Ɗana, tsaya."

Ban yi kuka a lokacin ba.

Komawa Mubi

Direban ya nema wa sauran fasinja wata mota, ya juya da mu. Mun bi ta Gombi, na hango motar Kawu bonet a buɗe. Wajen Hong Kawu ya ce, "Aisatu," amma bai ƙarasa ba. Uku da rabi muka shiga Lamorde. Bayan la'asar aka kai ta.

Ina godiya ga mai shayin Hong, ko da maganinsa bai yi ba, da Oga Bitrus, da fasinjan nan biyu da ban san sunansu ba, da direban da ya bar aikinsa ya dawo da mu. Allah ya saka musu. Masu zuwa gaisuwa suna cewa kwananta ne ya ƙare, na kuma yarda. Amma idan na rufe ido kwalin nan nake gani.

Yau kwana shida. Inda motar take kwana akwai tabo mai kalar tsatsa, na asubar da muka tafi. An shimfiɗa tabarmar zaman makoki har kusa da shi. Jiya ƙanwata ta ɗauki tsintsiya za ta share wurin, na karɓe daga hannunta.