Famfon Motar Oga

Motar ba tawa ba ce, in faɗi wannan tun farko. Ta ogana ce a Kano, inda nake aikin ɗaukar bidiyon biki. Doguwar bas ce 'yar Beljiyam, a ciki akwai gado, da ɗan wurin girki, da famfo mai tankin ruwa a ƙarƙashin kujera. Ta fi wata shida a ajiye a gareji kafin na aro ta.

Saboda Inna na aro. Kakata ce, tana Gwaram, yanar ido ta kusa rufe mata gani. An ce a kai ta asibiti Birnin Kudu a duba, a sa ranar yi mata aikin ido. Ita kuma ta ce babu inda za ta. Bayanta ba ya ɗaukar zaman ƙaramar bas, mashin kuwa ko maganarsa ba a yi. Gwaggo, ƙanwar babana da ke zaune da ita, ta yi lallashi har ta gaji. Sai ni na bugo waya na ce, “Ku ce mata zan zo da mota mai gado.”

Ana gobe zan tafi na murɗa famfon don gwaji. Kai! Wani wari ya bugo ni, ruwan kore-kore, da yauƙi. Na buɗe bidiyo a waya, wani Bature yana nuna yadda ake wanke irin tankin. Na ga ya cika surutu, ban kai rabi ba na kashe. Wanki ai wanki ne. Na zubar da tsohon ruwan, na zuba garin sabulu, na ƙara ruwan wanke-wanke mai ƙamshin lemo, na ɗora da turaren goge daɓe don warin ya mutu gaba ɗaya. Na ɗauraye sau ɗaya, na cika tanki. Na shinshina, ƙamshi. Har hoto na ɗauka na sa a status.

Da na isa Gwaram unguwa ta fito kallo. Inna ta fito Gwaggo na riƙe da hannunta, ɗaya hannun da butarta, wata tsohuwar shuɗiyar buta da aka ɗaure murfinta da zare.

“Maigida, wannan ce motar? Ɗaki ka sato wa mutane ka sa masa taya?” Haka take ce min, maigida, tun ina rarrafe.

“Uwargida, ajiye butar nan. Akwai famfo a ciki.”

“Famfo a mota?”

“Na ce ki ajiye. Kar ki ba ni kunya a gaban likita da wannan tsohuwar buta.”

Ni da hannuna na karɓe ta, na ajiye a zaure.

Asibiti ya ci mana yini. Layi, gwaji, wani layin. Azahar a can muka yi. Aka sa mata rana, mako biyu masu zuwa, aka ce in ta wuce sai an sake sabon layi. Muka kamo hanyar gida rana ta yi sanyi, bazara ce, gonaki fayau babu ko ciyawa. Mun yi nisa da gari sai Inna ta yi magana daga kan gado.

“Maigida, la'asar za ta fita. Tsaya.”

Na faka a gefen titi, babu gida kusa, babu rijiya. Ko fiya wata ban saya ba, don me, ina da tanki? Na tara roba a famfo, na murɗa da yanga. Ruwa ya zubo, kumfa ta taso har tana neman fita daga robar.

Inna ba ta ganin kumfar. Ta sa hannu, ta murza yatsunta, ta kai hanci. Ta ɗan taɓa a harshe.

Gwaggo ce ta leƙo. “Innalillahi! Wannan ai ruwan wanki ne. Kai, alwala za a yi ko zannuwa za mu jiƙa?”

“Na farko ne kawai, bari ya zuba,” na ce. Na bar shi yana zuba. Kumfa dai, kumfa.

Na san hukuncin, tun Islamiyya aka koya mana: ruwan da sabulu ya canza wa ƙamshi da ɗanɗano ba a alwala da shi. Ban taɓa kawo shi a raina ba lokacin da nake zazzaga turare a tanki.

Inna ta ce, “Kama ni in sauka.”

Na kama ta. Ta laluba da ƙafa har ta bar kwalta, ta durƙusa da wannan bayan nata, ta share ƙasa da hannu, ta buga tafukanta, ta shafa fuska. Taimama. Ga mota cike da ruwa a bayanta, yana ɗiga yana ƙamshin lemo. Wani mai mashin ya rage gudu, ya kalle ta, ya kalli motar, ya kalle ni.

Ni ma ba ni da alwala. Na durƙusa gefenta da wandona na gayu, na buga ƙasa.

Da muka idar ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Allah ya yi maka albarka, ka yi ƙoƙari. Ruwan naka da ƙamshi.” Da muka isa gida ta laluba zaure ta ɗauki butarta, na ji tana ce wa Gwaggo a hankali, “Ni kam na gama da asibiti. Idon ya isa haka.”

Washegari ban koma Kano ba. Na kira oga na ƙara aron kwana. Na kai motar wajen borehol na bayan gari, na zauna na kalli bidiyon nan har ƙarshe. Ashe ba a sa sabulu a tankin ko kaɗan. Akwai wani ɗan makunni a ƙarƙashin mota da ake buɗewa ruwa ya tsiyaye tas, ban ma san da shi ba. Na buɗe. Na cika, na zubar, na cika, na zubar, har kumfa ta daina. Sannan na tsarma ɗan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta a bokiti, ɗan kaɗan, na zuba, na cika tanki, na murɗa famfo don ya ratsa bututu, na bar shi ya yini. Na ciro matatar da ke bakin injin tura ruwa, gansakuka ta toshe ta, na goge da tsohon buroshin haƙori. Na sayi sabuwar mesa, don wadda na fara cika tankin da ita ta wanke taya ce. Sai ɗauraya kuma. Ina cikawa ina sha, ina tofarwa, ina sakewa, har harshena ya daina jin komai sai ruwa. Na bar tankin fanko, murfi a buɗe, ya sha iska.

Ranar aikin na sake aro motar, na dawo da sassafe, na cika tanki da sabon ruwa a gaban Gwaggo. Inna tana ɗaki, ko mayafi ba ta ɗauka ba. Na tara kofin silba a famfo, na shiga na durƙusa na miƙa mata.

Ta shinshina. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta haɗiye.

“To, yanzu ya zama ruwa. Wancan wa ka so ya yi wanka da shi, kai ko ni?”

Gwaggo ta tuntsire da dariya. Ni dai kaina a ƙasa.

“Miƙo min mayafina,” in ji Inna. “Da butata. Kuma a randa za ka cika min ita.”

Na cika a randa. Ni na ɗauko ta har mota. Inna ta kwanta a gadon, ta rungume butar a ƙirji, murfin yana ɗan zubar da ruwa a kan katifar oga duk inda muka faɗa rami. Haka na bar shi yana zuba har Birnin Kudu.